Taswirar Zazzau a Wasan Age of Empires III: Nazarin Aikin Wasu Matasa a Samaru

Abin da ya tayar da maganar tun farko shi ne birnin da aka ba Sarauniya Amina. A ranar 2 ga Agusta, 2021, aka fitar da wani ƙari a kan wasan kwamfuta na dabarun yaƙi mai suna Age of Empires III: Definitive Edition, aka kira ƙarin The African Royals, kuma da shi ne Hausawa da Habashawa suka shiga jerin al'ummomin da mai wasa zai iya ɗauka. Habashawa an ba su Sarki Tewodros a matsayin jagora, da birnin Gondar a matsayin cibiya. Hausawa kuwa Amina 'yar Bakwa ce jagorarsu, amma babban birnin da ake aiko wa mayaƙanta gudummawa daga cikinsa Kano ne. Ga wanda ke zaune a Turai ko Amurka wannan ba abin dubawa ba ne, domin sunan Kano ya fi sani. Ga Bazazzagi kuwa, musamman idan akwai Bakano a kusa da zai riƙa yi masa tuni, magana ce da ba ta wucewa haka kawai.

A wani shagon wasannin kwamfuta da ke Samaru, ba nisa da babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello, mafi yawan masu zuwa ƙwallon ƙafa suke bugawa, amma akwai wasu matasa da ba su kai goma ba waɗanda suka ware daren Asabar domin wannan wasa. A cikinsu akwai ɗalibi Bakano, wanda duk lokacin da gudummawa ta iso wa abokin karawarsa sai ya ɗaga murya ya ce ai ko Turawa sun san cewa Amina a Kano take cefane. Wasan Kanawa da Zagezagi tsohon abu ne, ba wanda ya ɗauka da zafi, amma daga wannan tsokana ce shawara ta fito cewa tunda wasan yana bai wa kowa damar zana fagen yaƙi na kansa, to su zana Zazzau da hannunsu. Mai shagon ƙanena ne, kuma ni aka ɗora wa rubuta sakamakon kowace karawa a littafi, don haka na ga aikin daga farkonsa.

Kafin a gane inda suka yi tuntuɓe, ya kamata a san yadda wasan yake. Ba irin dara ba ne da za ka ajiye ɗanka ka jira abokin wasa ya ajiye nasa. Kowa yana motsi a lokaci guda, wanda kuma ya tsaya dogon tunani sai a ci garinsa yana kallo. Mai wasa yana farawa da cibiyar gari ɗaya da talakawa kaɗan, ya tura su neman abinci da itace da kuɗi, ya yi gine-gine, ya riƙa haurawa daga zamani zuwa zamani har na biyar, yana tara mayaƙa ba tare da yawan jama'arsa ya wuce 200 ba. Kafin a fara karawa yana zaɓen katuna 25, kowane kati gudummawa ce da babban birni zai aiko masa, ko mutane ko kaya ko wata dabara. A kan taswira kuma akwai hanyar fatake da wuraren da ake kafa zango, kuma wanda ya riƙe zango yana cin ribar duk ayarin da ya wuce. Mayaƙa suna da tsarin da kowa ke da maganinsa: maharba suna kashe dakarun ƙasa masu nauyi, dawakai masu nauyi suna tattake maharba, dakarun ƙasa kuma suna tare dawakai, igwa kuwa ita ce maganin taron dakaru da bango.

Ƙarin na Afirka ya zo da dukiya ta huɗu wadda ba a saro ta a daji ko a haƙo ta a rami, kuma a bakin 'yan shagon sunanta faɗa-a-ji. Da ita ake ɗaukar sojojin haya, a sayi igwa, a kira mayaƙan ƙawaye. Bahaushe a wasan yana samunta ne musamman ta wani gini da aka kira jami'a, wanda amfaninsa ke ƙaruwa gwargwadon kusancinsa da cibiyar gari da fada da zango. Yana da kara inda yake sayar da shanu ya karɓi itace ko kuɗi, yana da rumbu da ƙananan gonaki a kewayensa, kuma ba ya haurawa sabon zamani sai ya ƙulla ƙawance da wata al'umma, kamar Songhai ko Fulani ko Yarbawa ko mutanen Maroko ko Ingilishi. A ganina wannan shi ne wurin da masu ƙera wasan suka fi yin tunani, domin sun gane cewa ƙarfin sarautar ƙasar Hausa yana tattare da kasuwa da malamai da ƙawance. A wajen sunaye kuwa aikinsu rabi da rabi ne. Ɗan lifidi sunansa ne na gaskiya, da rigarsa ta auduga mai kauri da ke rufe doki da mahayi. Amma ɗan bindigar fada an kira shi Maigadi, alhali gadi kalma ce da muka aro daga Ingilishi, kuma duk Bahaushen da ya ji ta mai tsaron ƙofar gida da tocila yake tunawa. Dogari ko ɗan bindiga ya fi dacewa. Makaɗin da ke ƙarfafa aiki da raunana abokan gaba an kira shi Griot, kalmar da aka fi danganta ta da ƙasashen Mande, wato yankin Mali da maƙwabtanta, mu kuwa muna da maroƙi da makaɗi.

Wanda ya ɗauki nauyin zanen farko ɗalibin tsara birane ne, haifaffen cikin birni. Ya yi kwanaki yana zagaya ragowar ganuwa a kan babur yana ɗaukar hoto, sannan ya zauna da manhajar zana fage da ke cikin wasan ya riƙa dasa komai da hannu. Ya kewaye birni da bango, ya buɗe ƙofofi da sunayensu, Doka da Tukur-Tukur da Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da sauransu. Ya ta da dutsen Kufena a yamma, ya ja rafin Kubanni ta arewa har ya haɗe da Galma a gabas. Ya shigo da hanyar fatake daga wajen Kano ta Ƙofar Doka, ta ratsa tsakiyar gari, ta fita ta Ƙofar Gayan. Daren da ya nuna aikin, masu ƙwallo ma sun bar kujerunsu sun zo kallo, kowa yana neman inda unguwarsu take.

Da aka fara bugawa sai matsala ta bayyana. Mai wasa ɗaya yana farawa a cikin ganuwa, ɗaya a waje, tsallaken Kubanni, kuma a duk karawar da na rubuta a littafina na ciki ne ya ci, in ban da guda ɗaya da wuta ta ɗauke kafin a gama. Da farko an ɗora laifin a kan ƙwarewa, sai aka musanya wurare, aka sa wanda ya fi kowa iya wasan a waje, aka sa sabon shiga a ciki, sakamakon bai sauya ba. Dalilan guda uku ne, kuma duk daga zanen suka fito. Zango uku sun faɗo a cikin ganuwa kusa da juna, don haka na ciki yana kafa jami'a ɗaya a tsakaninsu ya riƙa kwasar faɗa-a-ji tun kafin na waje ya gama gina barikinsa. Shanunsa da manomansa suna bayan bango, mahara ba sa isa gare su, alhali na waje kowane lungu a buɗe yake. Na uku shi ne ƙofofin kansu. Na ga Bakanon nan ya tara 'yan lifidi masu yawa, ya fasa Ƙofar Doka da igwa, ya tura su gaba ɗaya, sai dawakan suka cushe a bakin ƙofa, na gaba ba su shige ba, na baya suna zagaye suna neman hanya, 'yan bindigar fada kuwa suna tsaye a ciki suna ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya janye su rabi sun tafi. Ya ajiye linzamin kwamfutar ya ce wannan ba wasa ba ne, yanka ne.

Mai zanen ya yi ta gyare-gyare na mako biyu, yana faɗaɗa ƙofa, yana ƙara wa na waje ma'adinai, yana rage tsawon bango, kuma duk gyaran da ya yi sai taswirar ta ƙara nisa da Zariya ba tare da ta kai ga daidaito ba. A nan ne kawunsa, tsohon malamin tarihi a makarantar sakandare wanda ya yi ritaya, ya biyo shi shagon wata ranar Asabar domin ya ga abin da ke hana yaron barci. Ya zauna ya kalli karawa guda har ƙarshe bai ce komai ba. Da aka gama, yaron ya ce, "Kawu, ka ga abin da nake faɗa maka, taswirar ba ta yi adalci ba." Malam ya gyara zaman hularsa ya ce, "To kai wa ya gaya maka waɗanda suka zaɓi wannan wuri adalci suke nema? Sun sa dutse a bayansu, sun sa ruwa a gabansu, sun kewaye gonakinsu da ganuwa domin ko an tsare su shekara su ci abinci. Idan na waje ya kasa shiga, ai zanenka ya yi daidai ke nan."

Wannan magana ita ce ta warware lamarin, ko da yake ba ta yi wa mai zanen daɗi ba a lokacin. Abin da suke nema abu biyu ne da ba sa haɗuwa a taswira ɗaya. Fagen gasa yana buƙatar kowa ya fara da abin da ɗan'uwansa ya fara da shi, nisan ma'adini ɗaya, yawan namun daji ɗaya, hanyar shiga ɗaya. Birni mai ganuwa kuwa an gina shi ne takanas domin kada maƙiyi ya samu abin da mai gida ya samu. Duk wanda ya kwaikwayi birnin da gaskiya ya ɓata gasar, wanda kuma ya daidaita gasar ya rushe birnin.

Malam ya ƙara da cewa birnin ya taɓa faɗuwa, amma ba ta hanyar fasa bango ba. A zamanin jihadi, lokacin da Malam Musa ya zo da tuta, ruwayar mutanen tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta nuna cewa an riski Sarki Makau ne a filin Idi a bayan gari, daga nan ya yi kudu zuwa Zuba, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828. Wasu daga cikin yaran suka yi ɗokin a mai da wannan labari wasa, amma mai shagon ya hana, kuma ina ganin ya yi hankali, domin zuriyar ɓangarorin biyu suna nan da ransu da sarautunsu, kuma ba abu ne da za a miƙa wa yara su riƙa yi wa juna ihu a kansa ba. Shi kansa ƙarin ya taɓo wannan zamani: a cikin yaƙoƙin tarihi uku da ya zo da su, akwai na Sarakuna Uku da aka yi a Maroko a 1578, akwai na zamanin 'ya'yan sarakuna a Habasha, akwai kuma wanda aka gina a kan jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo na 1804, aka sa masa sunan da ke nufin faɗuwar Hausawa. Malam bai ji daɗin sunan ba, ya ce gidajen sarauta ne suka faɗi, kuma Hausawa da yawa suna cikin jama'ar Shehu.

Daga nan aka raba aikin gida biyu. Zanen farko an bar shi yadda yake, aka daina kiransa fagen gasa, aka mai da shi labarin tsaron birni: mutum ɗaya a ciki, biyu ko uku a waje, kuma na ciki ya ci idan ya riƙe fada har lokacin da aka yanka ya cika. Da aka yi haka sai rashin daidaiton ya zama shi ne daɗin wasan, domin na waje dole su haɗa kai, ɗaya ya ja hankali a wata ƙofa, sauran su kawo igwa ta wata.

Fagen gasar kuwa wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta daga Sabon Gari ne ya karɓe shi, kuma ya bi wata hanya dabam. Taswirorin da ake gasa a kansu, irin guda 15 da ƙarin ya zo da su, ciki har da na Tafkin Chadi da Darfur, ba zane ne tsayayye ba. Rubutun umarni ne a wani harshen kwamfuta da ake kira XS, wanda ke gaya wa wasan girman fili, da inda za a zaunar da 'yan wasa, da nisan da za a bari tsakanin kowane abu da ɗan'uwansa, sannan wasan ya haifar da sabon fili duk lokacin da aka fara, kamanninsa ɗaya amma ba ya maimaita kansa. Ya sa wa nasa suna Kufena. Dutsen ya dawo tsakiyar fili, 'yan wasa suna zagaye da shi a nisa ɗaya, rafi ya ratsa da mashigai daidai ga kowane ɓangare, hanyar fatake ta bi ta inda babu wanda zai kafa jami'a ɗaya ya haɗa zango biyu. Ganuwa ta tashi daga zanen gaba ɗaya. Mai son bango ya sari itace ya gina nasa. Mai zanen farko ya yi gardama a kan wannan kwana da kwanaki kafin ya haƙura, amma ya ci nasara a wasu wurare: ya hana a sa jakin dawa, wanda ba dabbar ƙasar Hausa ba ce, aka cika filin da barewa, aka kuma watsa shanu a daji domin wanda ya riga isa ya kora gida.

Wahalar wannan hanya ita ce ba ta faɗa maka inda ka yi kuskure. Idan ka umarci wasan ya ajiye ma'adini nesa da dutse, nesa da ruwa, nesa da hanyar fatake, kuma kusa da cibiyar gari, sai ya zamana babu wurin da ya cika waɗannan sharuɗɗa duka, to shiru zai yi ya bar ma'adinin bai ajiye ba. Wata karawa an kai minti goma kafin ɗaya daga cikin yaran ya gane cewa ma'adininsa na biyu babu shi sam, alhali abokin karawarsa yana da nasa. Maganin da suka samu na haƙuri ne: a kunna taswirar, a buɗe filin duka, a ƙirga ma'adinai da garken namun daji na kowane ɓangare, a rubuta, a kashe, a sake kunnawa. Sun kwashe dare guda suna wannan, ni ina rubutawa, mai shagon yana lissafin man janareta. Wani dare kuma ya tafi a banza saboda an kwafi fayil ta filashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta da suna iri ɗaya, suka yi ta gwada tsohon kwafi suna mamakin yadda gyaran bai kama ba. Tun daga ranar kowane kwafi da lambarsa.

Akwai inda rubutun umarni ba ya kaiwa. Wasan yana da ƙananan al'ummomi da ake kafa zango a ƙauyukansu a samu mayaƙansu, kuma na Afirka biyar ne kawai: Akan, da Berber, da Somaliyawa, da Sudaniyawa, da Yarbawa. Malam ya so a ga Gwari da Nufawa da Kwararrafa, domin su ne maƙwabtan Zazzau na ainihi, har ya tuna musu cewa Kundin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Nupe yana aika wa Amina goro 10,000. Amma ƙirƙirar sabuwar al'umma yana buƙatar zanen mutane da gidaje da ɗaukar murya, aikin da ya fi ƙarfin wanda ke rubuta taswira. Suka zaɓi Akan saboda hanyar goro ta Gwanja, da Yarbawa saboda cinikin kudu. Malam ya ce wannan cike gurbi ne, kuma gaskiyarsa.

Ɗalibin kwamfutar yana yawan kawo tarihin masu ƙera wasan idan gwiwar sauran ta yi sanyi. Kamfanin Ensemble Studios ne ya fitar da Age of Empires III a 2005, aka rufe shi a 2009. Sabon bugun da ya fito a ranar 15 ga Oktoba, 2020, aikin Tantalus Media ne na Ostireliya tare da Forgotten Empires, a ƙarƙashin World's Edge na Microsoft. Forgotten Empires kuwa asalinsu 'yan wasa ne da suka haɗu suka yi wa Age of Empires II ƙari na sa-kai a ƙarshen 2012, Microsoft ta ga aikin ta mai da shi na hukuma a 2013. A wannan kashi na uku ma ƙungiyar 'yan wasa ta ESOC ta daɗe tana ƙera taswirorin gasa da kanta. Sai dai akwai ɗaya gefen labarin, wanda shi ma ba ya ɓoyewa: a Janairun 2025 kamfanin World's Edge ya sanar da soke ƙarin da ya yi alkawari na Denmark da Poland, don haka babu wanda ke sa ran za a zo daga waje a ƙara Nupe ko a gyara sunan Maigadi.

A halin yanzu ana buga Kufena ta mutum biyu kowace Asabar, kuma a littafina nasara tana bin wanda ya fi iyawa, ko ta wane gefen dutsen ya fara. Ba a ɗora ta a shafin da 'yan wasa ke musayar ayyukansu ba tukuna, domin ta mutum huɗu har yanzu takan bar ɗan wasan da ya faɗo kusa da rafi babu garken barewa na biyu, kuma mai rubutun ya ce ba zai taɓa ta ba sai bayan jarrabawa. Wasan yana bari mutum ya sauya sunan babban birninsa, don haka an rubuta Zazzau a kowace kwamfuta ta shagon, ban da ta kusa da ƙofa wadda Bakanon ke zama a kai.